Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya a Kan Tsofaffin Wasannin Kwamfuta da Aka Yasar

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Ni mai gyaran kwamfuta ne da na'urorin gem a cikin garin Bauchi. Kafin wannan sana'a na riƙe shagon gem, irin wanda yara ke cika bayan la'asar, su biya kuɗin wasa ɗaya su buga ƙwallo a talabijin. Na rubuto ne a kan shafukan intanet da ke tara tsofaffin wasannin kwamfuta, waɗanda kamfanoninsu suka daina sayarwa ko kamfanonin ma suka mutu, suna ajiye su don duk mai so ya sauke kyauta. Sabuwar doka ta ba hukumarku ikon toshe shafin da kuke ganin yana keta haƙƙin mallaka, kuma ko ba daɗe ko ba jima wannan iko zai iso kan irin waɗannan shafuka. Roƙona shi ne kada a yi musu kuɗin goro, kuma a buɗe wata ƙofa ta halal da mai son adana irin wannan kaya zai bi ba tare da ya zama mai laifi ba.

Zan fara da abin da doka ta ce, don kada a ɗauka neman halatta satar fasaha nake yi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta sa manhajar kwamfuta a sahun ayyukan rubutu. Ita da littafi hukuncinsu ɗaya ke nan, haƙƙin na nan har shekara 70 bayan rasuwar marubucin. Nijeriya kuma ta shiga yarjejeniyar Berne, ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe, tun 1993, saboda haka wasan da aka yi a Japan ko Amurka yana da kariya a Bauchi daidai da wanda ɗan ƙasa ya yi. Babu inda doka ta ce in kamfani ya daina sayar da kayansa, ko ya ƙi amsa wasiƙa, ko ya rufe ofis, haƙƙinsa ya faɗi. Alamar kasuwanci ana iya soke ta in an yi shekara biyar ba a aiki da ita, amma haƙƙin mallaka ko mai shi ya manta da shi yana nan daram. Don haka shafin da ya ɗora wasan 1993 ba da izini ba ya keta doka a takarda, ko da sisin kwabo bai karɓa ba. Ba na musun wannan. A Amurka ma wa'adin kayan kamfani shekara 95 ne daga fitowarsa, wato Super Mario Bros. na 1985 ba zai zama na kowa da kowa ba sai bayan 2080.

To amma kayan ba za su jira 2080 ba, kuma a kan teburina nake ganin haka. Kwanaki wani magidanci ya kawo mini PlayStation ta farko, an naɗe ta a tsohon zane, yana so 'ya'yansa su ga abin da ya taso yana bugawa. Na kwance murfin, na tarar ƙurar hunturu ta shekaru ta daskare a kan allon. Idon da ke karanta faifai ya gaji, sai ƙas-ƙas yake yi yana lalube. Duk wanda ya riƙe shagon gem a da ya san dabarar kifa wannan na'ura ko jingine ta a gefe don idon ya kama. Na gwada, ta ƙi. Na ciro ido daga wata gawa da nake ajiye da ita, na'ura ta tashi, tambarin kamfani ya fito da ƙarar nan tasa, mutumin har ya yi murmushi. Sai aka zo kan faifai. Na ɗaga shi a hasken ƙofa, sai ga ƙananan huji-huji haske na ratsawa, siririyar fatar da bayanan ke kai ta fara cinyewa. Wannan ba shi da magani. Haka kaset ɗin Sega da Nintendo da yara ke hura wa iska kafin su cusa, wasu akwai ɗan batir a ciki mai riƙe inda ka tsaya, ya mutu tuntuni. Faifan fulofi kuwa maganaɗisunsa ke sanyi a hankali har rubutun ya goge kansa. Littafi in ya tsira daga gara da ruwa, jikan jikanka zai buɗe ya karanta da idonsa kawai. Wasan kwamfuta sai faifan ya rayu, na'urar ta rayu, manhajar da ke tafiyar da shi ita ma ta rayu, in ɗaya ya faɗi sauran ba su da amfani.

A 2023 gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka da abokan aikinta suka fitar da bincike a kan wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010. Suka gano kashi 87 cikin ɗari ba a sayar da su a ko'ina yanzu. Kashi 13 kacal mai kuɗi a hannu zai iya saya ta hanyar da doka ta sani. A Amurka ke nan, inda kamfanonin suke da ofisoshi da lauyoyi.

Sababbin wasanni ma mutuwarsu ta fi sauri, don yanzu ba faifai ke kashe su ba, kamfani ke kashe su da maɓalli. A watan Maris na 2023 Nintendo ta rufe shagon intanet na na'urorin 3DS da Wii U, wasannin da can kaɗai ake samun su suka daina sayuwa rana ɗaya. A ƙarshen Maris na 2024 Ubisoft ta kashe kwamfutocin da wasan tseren mota The Crew ya dogara da su, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba ya buɗewa. Abin ya fusata mutane har aka fara gangamin Stop Killing Games, wanda ya tara sa hannu sama da miliyan ɗaya a Tarayyar Turai a 2025. Ga kuma manhajar Flash da Adobe ta binne a ƙarshen 2020, wadda dubban ƙananan wasannin da muka riƙa bugawa a shagunan intanet suka rayu a kanta.

Wa ya tsaya wa waɗannan kaya? Tsakani da Allah, mafi yawa ba kamfanonin ba ne. 'Yan sa-kai ne, masu kwafe faifai kafin ya ruɓe, masu ɗaukar hoton takardar bayanin da ke cikin kwali, masu rubuta manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura don wasan da ya tashi a sabuwar kwamfuta. Ma'ajiyar Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, ta sa dubban wasannin zamanin MS-DOS, tsohuwar manhajar tafiyar da kwamfuta, inda mutum zai buga su kai tsaye a shafi. Abin dariyar shi ne kamfanonin da kansu daga wannan tukunya suke ci. Shagon GOG na ƙasar Foland, wanda tun 2008 yake neman izini yana sayar da tsofaffin wasanni ta halal, da manhajar DOSBox ta 'yan sa-kai yake tayar da da yawa daga cikinsu. Sony ta kai kamfanin Connectix kotu a kan manhajar kwaikwayon PlayStation, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya a 2000. Shekara 18 bayan haka, da Sony ta tashi fitar da ƙaramar PlayStation Classic, sai ga manhajar kwaikwayo ta 'yan sa-kai a cikinta. Kamfanonin ma ba su iya ajiya ba. Asalin rubutun manhajar Prince of Persia na 1989 ya yi shekara ashirin da wani abu ba a san inda yake ba, sai a 2012 mahaifin Jordan Mechner, wanda ya ƙirƙiri wasan, ya tsinci fayafayan a cikin wani kwali a gida ya aika masa.

Ba ina cewa duk shafin da ya rataya wa kansa sunan adana tarihi na Allah ba ne. Ni ke wanke kwamfutocin da suke lalatawa, na san halinsu. Akwai shafin da za ka shiga ka ga maɓallin saukewa guda huɗu, uku na ƙarya, ka taɓa ɗaya ya cika maka kwamfuta da ƙwayar cuta da tallan caca. Akwai mai karɓar kuɗin rajista don ya ba ka saurin saukewa, wato yana sayar da gumin wasu ne kawai. Akwai mai cakuɗa wasan 1991 da wanda ya fito makon jiya. Shafin RomUniverse da kotu ta ci tarar dala miliyan 2.1 a 2021 yana karɓar kuɗin mambobi. Masu manhajar Yuzu, da suka amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4 a 2024, na'urar Switch suke kwaikwaya alhali tana kan kanta a kasuwa, Nintendo kuma ta ce an sauke sabon wasanta na Zelda sama da sau miliyan ɗaya tun kafin ranar fitowarsa. Wannan kam ba adana tarihi ba ne, kuma in kun toshe irinsu ba za ku ji bakina ba. Sai dai sandar ba ta tsayawa kan mai laifi shi kaɗai. A 2018, da Nintendo ta maka masu shafin LoveROMs a kotu, shari'ar da ta ƙare a kan dala miliyan 12, tsoro ya sa shafin EmuParadise, bayan shekara 18 yana tarawa, ya sauke dukan wasannin da ke kansa. Na Nintendo suka tafi, na ƙananan kamfanonin da suka mutu babu magaji su ma suka bi su, alhali babu wanda ya kai ƙara a kansu.

Wani lokacin ma neman mai kaya ake yi ido rufe a rasa. Wasan No One Lives Forever ya fito a 2000, ya samu yabo sosai. Kamfanoni suka yi ta sayen juna har haƙƙinsa ya maƙale tsakanin Warner Bros. da Activision da 20th Century Fox. Wani ƙaramin kamfani mai suna Nightdive ya zo da kuɗinsa a 2014 yana so ya saya ya sake fitarwa. Wasu suka ce sai sun tono takardun yarjejeniya na zamanin da kafin su san ko suna da haƙƙi, wani ya ce ba ya sha'awar cinikin amma in aka taɓa zai kai ƙara. Maganar ta mutu a nan. Wa aka kare da wannan shiru? Masu zanen da masu kiɗan da suka yi aikin ko anini ba su samu daga ɓoye shi ba.

Ranka ya daɗe, na san da dokar tarayya kuke aiki ba da fiƙihu ba, amma mu nan in magana ta rikice wajen abin da muka karanta a zaure muke komawa, kuma akwai babin da ya yi kama da wannan. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa, saboda haka ba mai cewa kayan ba na kowa ba ne. Amma ita dukiyar in ta ɓace wa mai ita akwai hukuncin tsintuwa, wanda duk ɗalibin da ya sauke Risala ya sani. Wanda ya tsinci abu zai yi cigiya shekara guda a inda mutane ke taruwa, ƙofar masallaci da bakin kasuwa. In shekara ta cika ba a zo ba, yana iya ci gaba da ajiyewa ko ya yi sadaka da shi, amma lamuni na wuyansa duk ranar da mai shi ya bayyana. A hadisin Zaidu ɗan Khalid kuma an bambanta dabbobi biyu. Raƙumin da ya ɓace aka ce a ƙyale shi, yana da ƙafafunsa da guzurin ruwansa, zai ci ganye ya sha ruwa har ubangidansa ya same shi. Tunkiya kuwa aka ce a ɗauke ta, don taka ce, ko ta ɗan'uwanka, ko ta kerkeci.

Mario da Zelda raƙuma ne. Mai su na raye, yana sayar da su a sabuwar riga duk 'yan shekaru, ba sa buƙatar taimakon kowa. Wasan da wasu samari uku suka yi a 1992, kamfaninsu ya rushe a 1996, kwafinsa na ƙarshe na kan fulofin da ke gogewa, wannan tunkiya ce a daji da magariba. Dokarmu ta yau kallon raƙumi take yi wa duka biyun. Fatawa dai ta malamai ce, kuma kwafe faifai ba ɗaya yake da kora dabba gida ba, tunda na mai shi na nan bai ragu ba. Amma tsarin ya burge ni domin ya ɗaure ɓangare biyu. Bai ce a bar abu ya halaka don girmama mai shi da ba a gani ba, bai kuma sakar wa mai tsintuwa mara ba: sai ya yi cigiya, ba zai mai da shi haja ba, kuma ranar da mai shi ya zo da shaida sai ya miƙa. Mafi yawan shafukan nan cigiyar ce ba sa yi. Ba su da inda za su yi ta ma, don doka ba ta kafa musu wurin ba.

Wasu ƙasashen sun kafa, kuma duk suna cikin yarjejeniyar Berne kamar mu. A Kanada, in ka nemi mai haƙƙi iya ƙoƙarinka ka rasa, hukumar haƙƙin mallaka tana iya ba ka lasisi. Birtaniya ta fara irin wannan a 2014: ka nuna ka yi bincike na gaske, ka biya kuɗi a ajiye wa mai shi ko zai bayyana, a ba ka izini na wa'adin da bai wuce shekara bakwai ba. Tarayyar Turai tana da rajistar ayyukan da aka rasa masu su bisa dokar 2012. Faransa kuwa ta biyo ta wata hanya, tun 1992 doka ta sa ana kai kwafin wasannin kwamfuta babban ɗakin karatu na ƙasa kamar yadda ake kai littafi. Amurka ce ta tsaya rabi da rabi. Ta yarda ɗakunan karatu su adana, mutum ya je can ya zauna ya buga, amma a watan Oktoba na 2024 ofishin haƙƙin mallakarta ya ƙi yarda a ba masu bincike dama daga nesa, bayan ƙungiyar kamfanonin wasanni ta yi adawa. Cikin dalilan har da tsoron kada mutane su riƙa bugawa don nishaɗi. Wannan dalili ya ba ni mamaki. Yaran da ke aron littattafan labari a ɗakin karatu, don azaba suke karantawa? Kuma in an ce sai mai bincike ya je da ƙafarsa, ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke harabar jami'ar Bauchi ta Yelwa ko ta Gubi an rufe masa ƙofa ke nan har abada.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata a faɗa game da mu. A shekarun da Winning Eleven da Mortal Kombat da Contra suka mamaye shagunan unguwanninmu, daga Jahun har Bakin Kura, babu wakilin Sony ko Sega ko Konami da ya buɗe kanti a Bauchi. Kayan ta Legas da Onica da Kano suke zuwa, kaset ɗaya an rubuta wasa ɗari a jikinsa, ka kunna ka tarar biyar ne aka yi ta maimaitawa. Yaron da ya tara kuɗin tara ya je Wunti ya sayi faifai bai taɓa ganin na asali ba balle ya zaɓa. Ban kawo wannan don ya zama hujjar halatta komai ba; rashin kanti ba ya mai da kayan wani naka. Na kawo ne don a san cewa tarihin wata tsara guda ta samarin Arewa, waɗanda da yawansu a shagon gem suka fara taɓa na'ura kafin su zama masu gyaran waya da masu rubuta manhaja, yana kan kayan da tun farko babu hanyar halal da ta kawo su.

Abin da ya fi damuna ma ba na Japan ba ne, namu ne. Fim ɗin Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da kabarinsa ke nan cikin garinmu, an daɗe ana ɗauka ya ɓace. Sai a 2016 aka gano naɗe-naɗensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Jamus ta gyara shi, aka nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Wannan fim ne na gwamnati, daga littafin Firayim Minista, kuma da ƙyar ya sha. Ina ga fina-finan Hausa na kaset na shekarun 1990, da waƙoƙin da aka naɗa a rediyo, da wasannin kwaikwayon gidajen talabijin na jihohi? Da yawa abin da ya rage shi ne kwafin da wani ya tura a YouTube ba da izinin kowa ba, hoto na rawa, sauti na shaƙewa. A doka mai laifi ne. A zahiri ba don shi ba da ba mu da komai.

Wasannin kwamfuta na gida kan wannan hanya suke, kuma sun fi saurin tafiya. Tun wajen 2012 kamfanoni irin su Maliyo Games a Legas suka fara yin wasanni masu ɗauke da rayuwar titunanmu. Gamsole ta yi suna da wasannin wayoyin Windows Phone, Microsoft kuma ta daina kula da waɗannan wayoyi a ƙarshen 2019. Duk shekara ɗalibai a jami'o'i da kwalejojinmu na rubuta ƙananan manhajoji a aikin kammala karatu, har da na dara da na koyar da yara baƙaƙe da Hausa. Ana manna faifan a bayan kundin, a jera a kanta, zafin Afrilu ya yi aikinsa. An sha kawo mini irin wannan faifai a ce in ciro abin da ke ciki, in sa a na'ura ta yi ta juyi ba ta ga komai ba.

Ga abin da nake roƙo. Dokar 2022 ta riga ta ba ɗakunan karatu da ma'ajiyar tarihi da gidajen kayan tarihi damar kwafe abin da ke hannunsu don adanawa, ba don kasuwanci ba. Wannan babban ci gaba ne, a yaba wa waɗanda suka tsaya a kai. Amma dokar ta kuma hana karya makullin da kamfani ke sa wa manhaja, kuma tsofaffin wasanni da yawa ba sa kwafuwa sai an karya makullin. Ma'aikacin ɗakin karatu mai albashi ba zai sa wuyansa a tsakanin sassa biyu na doka ba, zai rufe kabad ya tafi gida. Ku fitar da jagora a rubuce da ke bayyana cewa manhaja da wasanni na cikin abin da aka yarda a adana, da iyakar abin da aka yarda a yi don a adana su.

Sai wurin cigiya. Ku buɗe rajista a shafinku inda ɗakin karatu ko ƙungiya mai rajista za ta sanar cewa ga wani aiki a hannunta, ta nemi mai shi ta hanya kaza da kaza ba ta samu ba. A ba da wa'adi. In mai shi ya fito, magana ta koma hannunsa, ya hana ko ya yarda ko ya nemi kuɗi. In bai fito ba, a yarda a adana a kuma bari a gani ba tare da talla ko kuɗin shiga ba, da sharaɗin saukewa duk ranar da ya zo da shaida. In wannan ya fi ƙarfin ikon hukuma sai an taɓa doka, ku ne kuka fi kowa cancantar kai maganar gaban majalisa. Zai amfani mai neman magadan wani mawaƙin Azare ko Misau da ya rasu fiye da yadda zai amfani mai neman wasan Amurka.

Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi uku. Ku haɗa kai da su a faɗaɗa wannan ya haɗa da manhajoji da wasannin da aka yi a Nijeriya, a kulle su in mai su ya so har ranar da suka bar kasuwa. Ba sai an gina sabon bene ba. Kwamfutoci kaɗan, ma'ajiyar bayanai biyu a garuruwa daban-daban, wutar sola, da ma'aikaci ɗaya da ya san aikin. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi ta fasaha ce, tana da ɗaliban da za su yi wannan da murna in an ce musu ba laifi ba ne. Mu masu gyara kuma muna da gawarwakin na'urori da fayafayai a ƙarƙashin tebur waɗanda 'yan jari-bola ke saye da awo. Da akwai inda za a karɓa da hannu biyu, da can za mu kai.

In kuma ranar toshe shafuka ta zo, a tambayi abu uku kafin a taɓa maɓalli: kayan da ke kai ana sayar da su yanzu a wani wuri? Mai shafin yana cin kuɗi da su? In mai haƙƙi ya ce a sauke, yana saukewa? Wanda ya faɗi waɗannan ku yi masa hukunci. Wanda ya tsallake, a cire abin da aka yi ƙara a kai a bar sauran.

A ƙarshe ina neman amsar tambaya ɗaya, a rubuce, da Hausa da Turanci don mu manna a shagunanmu. In wani ɗakin karatu na gwamnati a Bauchi ko Gombe ya karɓi tsohon faifan wasa na asali da aka daina sayarwa, ya karya makullinsa, ya kwafe shi, ya bar ɗalibai su buga a kwamfutar ɗakin, ya yi laifi a ƙarƙashin dokar 2022 ko bai yi ba?

Allah ya taimake ka, ya yi riƙo da hannunka.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta da na'urorin gem,
Bauchi.